Puna: Inda Ake Noma A Kan Dutse, A Girbi Wuta Daga Sama

Matafiyin da ya sauka a filin jirgin saman Hilo, babban garin da ke gabashin tsibirin Hawai, da wuya ya kai ƙofar fita bai ji ƙarar ruwan sama a kan rufi ba. Garin yana cikin waɗanda suka fi samun ruwa a duk ƙasar Amurka, domin a shekara guda yakan sami inci 125 ko fiye, kuma kwanakin da ruwa ke sauka sukan kai 270. Daga nan in ya kama hanyar da ta yi kudu, ya shiga gundumar Puna, ya wuce Keaau, ya miƙe zuwa Pahoa, tafiyar kimanin mil 20 ke nan. A bakin babbar hanya turakun lantarki suna jere kamar ko'ina. Amma da zarar ya ratse ya bi ɗaya daga cikin ƙananan hanyoyin tsakuwa da suka kutsa cikin kurmi, zai ga turakun suna raguwa, har ya zo inda na ƙarshe ya tsaya, waya ta ƙare. Gonaki da gidaje kuwa ba su ƙare ba. Daga wannan wuri zuwa gaba, duk fitilar da aka gani tana ci da dare, mai gidan ne ya tara wutarta da rana.

Shi wannan tsibiri shi ne mafi girma a cikin jerin tsibiran da suka haɗu suka zama Jihar Hawai, wadda ta zama jiha ta 50 ta Amurka cikin shekarar 1959. Yana tsakiyar Tekun Pasifik, fiye da mil 2,000 daga gaɓar Kalifoniya, kuma duwatsu masu aman wuta ne suka gina shi tun daga ƙarƙashin teku. Biyu daga cikinsu, Mauna Kea da Mauna Loa, kowanne ya haura ƙafa 13,000. Su ne ke tare iskar da ke kaɗowa daga arewa maso gabas ɗauke da danshi, sai ta juye ruwanta a gabas, ta tsallaka yamma a bushe. Puna tana gabas ɗin nan mai ruwa, tana kwance a kan kafaɗar wani dutsen mai suna Kilauea, wanda yana cikin duwatsun da suka fi yawan aman wuta a duniya.

Filaye Masu Araha

Dalilin da ya sa waya ta ƙare alhali gidaje ba su ƙare ba tsoho ne. Tsakanin 1958 da 1973 'yan kasuwar filaye suka yayyanka dazuzzukan Puna, suka fitar da fuloti fiye da 50,000, suka yi ta tallarsu har a can babban yankin Amurka. Da yawa daga cikin waɗanda suka saya ba su taɓa taka wurin ba. Sunan Hawai kawai suka ji, suka aika da kuɗi. Ba a shimfiɗa wa yawancin filayen nan kwalta ba, ba a ja musu famfo ba, balle lantarki, domin a lokacin babu wanda ya zaci za a zauna a cikinsu da gaske. To, araha ba ta ado. Shekaru suka shuɗe, tsadar gida ta yi ta koro mutane daga Honolulu da sauran wurare, sai ga jama'a sun fara tarewa a filayen da aka sayar don ajiya kawai.

Wanda gonarsa ke nesa da turken ƙarshe, in yana son wutar kamfani, shi zai ɗauki nauyin jawo ta, kuma kuɗin yakan kai dubban daloli tun ba a kunna ko da ƙwai ɗaya ba. In ma an jawo, ba a huta ba, domin shekara da shekaru babu jihar da ta kai Hawai tsadar lantarki a Amurka, har kuɗin yakan ninka na matsakaicin ƙasar kusan sau uku, saboda da man da jiragen ruwa ke kawowa ake samar da kaso mai yawa na wutar. A ɗaya gefen kuma, farantan da ke juya hasken rana zuwa lantarki, waɗanda ake kira sola, sai araha suke ƙarawa. Masanan kamfanin Bell ne suka fito da irin na farko mai amfani cikin 1954. Cikin 1977 kuɗin ƙwayar da ke ba da wat ɗaya ya fi dala 70. Bayan shekara 40 bai kai rabin dala ba. Saboda haka manomin Puna bai zaɓi sola don ado ko ra'ayi kaɗai ba. Sau da yawa ita ce hanya mafi sauƙin kuɗi, wani lokaci kuma ita kaɗai ce hanyar.

Su kansu gonakin abin kallo ne. A wurare da dama babu ƙasar noma sai 'yar kaɗan, domin ƙarƙashin ciyawa baƙin dutse ne da ya taɓa malala yana wuta, ya daskare. Mai hali yakan yi hayar katafila ta farfasa dutsen, a kawo tsakuwar aman wuta da taki da ruɓaɓɓen ganye a cika ramuka, sa'an nan a dasa. Duk da haka, da yake zafi da ruwa ba su yankewa, abin da aka dasa yakan yi kyau: gwanda, ayaba, gwaza, fiya, koko, kwakwa, da furannin da ake aikawa kasuwannin ƙetare. Da can rake ne sarki, har kamfanin sukarin gundumar ya rufe cikin 1984. Gwanda kuwa Puna ce cibiyarta a duk jihar. Cikin 1992 wata cuta ta shiga gonakinta ta kusa gamawa da su, sai cikin 1998 aka raba wa manoma wani iri mai jure cutar, wanda ayarin masana ƙarƙashin Dennis Gonsalves suka samar.

'Yan Ci-Rani Masu Gudun Hunturu

Ƙananan gonakin ba su da ƙarfin biyan leburori albashin Amurka, don haka da yawansu da baƙi suka dogara. Akwai wani tsari da wata sakatariya a London mai suna Sue Coppard ta ƙirƙiro cikin 1971, wanda aka sani da WWOOF, inda mutum zai je gonar wani ya yi aiki awa huɗu zuwa shida a yini a bakin abinci da makwanci, ba a bakin kuɗi ba. Tsarin ya bazu a duniya, kuma Hawai tana cikin wuraren da aka fi rububinsu. Galibin masu zuwa samari ne da 'yan mata daga babban yankin Amurka, da wasu daga ƙetare. 'Yan ci-rani ne, sai dai su hunturu suke gudu. Amma wanda ba Ba'amurke ba ne sai ya yi hattara, domin hukumar shige da ficen Amurka tana iya ɗaukar aiki a bakin abinci da makwanci a matsayin aiki sosai, kuma bizar yawon buɗe ido ba ta halatta shi ba.

Baƙon da ya zo yana tsammanin tsinkar gwanda a inuwa, ba ya daɗewa zai gane cewa rabin aikin irin wannan gona ba noma ba ne, riƙe gonar ne da rai. Ruwan sha daga kwanon rufi yake zuwa: ya bi indararo ya shiga wani ƙaton tanki mai cin galan 10,000 ko makamancin haka, kuma inci ɗaya na ruwan sama a kan rufi mai murabba'in ƙafa 1,000 yana ba da kimanin galan 600. Amma ruwan da ke tanki ba ya hawa famfo da kansa, sai da injin tura ruwa. Ba a kuma shansa haka nan, domin ɓeraye da katantanwa suna ɗauke da cututtuka, sai an tace, a ratsa shi ta gaban wata fitila mai kashe ƙwayoyin cuta, wadda ba a kashe ta dare da rana. 'Ya'yan itacen da aka girbe fiye da abin da kasuwa za ta ɗauke, firiza ke ceton su. Duk waɗannan wuta suke ci. Ranar da wuta ta ɗauke, ba duhu kaɗai za a shiga ba: famfo zai ƙafe ana tsakiyar ruwan sama, kayan firiza su narke, wahalar wata guda ta tafi juji. Wannan shi ya sa idan mai gona ya ce gobe za a ƙara farantai ko a sake batura, akan ajiye adda da fartanya, kowa ya hallara.

Lissafi Kafin Guduma

Sabon zuwa yakan ɗauka aikin daga kan rufi ake fara shi. Ina! A kan tebur ake farawa, da takarda da fensir. Akan zagaya gida da gona a rubuta duk wani abu mai cin wuta, da yawan wat ɗin da yake ci, da yawan awoyin da yake yi yana aiki, a ninka wannan da wancan. Ga misali na ƙaramar gona: firiji yana cin awon wat 1,200 a yini, firiza 1,000, injin tura ruwa 500, fitilar tsabtace ruwa 600, ƙwayayen lantarki goma masu wat 8 da ke ci awa biyar 400, cajin wayoyi da kwamfuta 300. Jimla 4,000 ke nan. Sai a ƙara sulusi a kai, domin wani abu yana salwanta a cikin waya da batir da sauran na'urori, a tashi da kimanin 5,300.

A nan ne Puna ke yaudarar baƙo. Yana ganin ya zo ƙasar rana, yini kusan awa 12, sai ya raba da 12. Masu wurin kuwa sun san cewa in an tattara hasken yini duka, na hantsi da na la'asar da wanda gajimare ya tare, aka auna shi da ƙarfin ranar tsaka, abin da ke hannu bai wuce kimanin awa huɗu ba. An raba 5,300 da huɗu, ana bukatar wat 1,300 da 'yan kai, watau farantai huɗu masu wat 400. Haka takarda ta ce. Wanda ya taɓa cin damina a wurin kuwa shida zai saya, ko takwas, domin a cikin watannin da ruwa ke kamawa ba ƙaƙƙautawa, faranti yakan yini bai ba da rubu'in ƙarfinsa ba.

Amma ba faranti ne zuciyar al'amarin ba, batir ne. Faranti gona ne, batir kuwa rumbu, kuma kowa ya san ba yawan amfanin gona ke kai iyali ga kaka ba, abin da aka iya adanawa ne. Akan so rumbun ya ɗauki gida kwana uku ko da rana ba ta leƙo ba, watau awon wat 12,000 a misalin nan. Shekaru da yawa batura masu darma da ruwa aka sani, irin waɗanda ake sa wa 'yan motocin filin wasan golf: kowanne bolt 6, yana ɗaukar awon wat kimanin 1,300, nauyinsa kuma kusan kilo 30. Aibinsu shi ne ba a cin fiye da rabin abin da ke cikinsu, in ba haka ba su mutu da wuri. Ashe ke nan mai son 12,000 sai ya tanadi na 24,000. Da yake takwas-takwas ake jera su don a sami bolt 48, ko dai ya sayi 16 ya haƙura da abin da bai cika kwana uku ba, ko ya sayi 24 ya biya kuɗin ragowar. Batir 24 ya kusa kilo 700, kuma da hannu za a sauke su daga mota a bi ta kan tsakuwa mai santsi. Nan baƙin ma'aikata ke sanin dalilin da ya sa aka ciyar da su.

A shekarun baya-bayan nan batura masu lityum sun sauya lissafin. Ba su da nauyi kamar na darma, ba su bukatar ƙarin ruwa, ana iya cin kashi 80 cikin 100 na abin da ke cikinsu ko fiye, kuma sun fi daɗewa. Sai dai kuɗin farko ya fi yawa, kuma in na'urar da ke cikinsu ta lalace, ba abu ba ne da manomi zai gyara da sifana.

Ranar Kafi

Wurin kafa farantai shi ma sai an yi shawara. Tsibirin yana arewa da tsakiyar duniya da kimanin digiri 19 da rabi, don haka akan fuskantar da su kudu, a ɗan jingina su kamar digiri 20. Sau biyu a shekara, cikin Mayu da Yuli, rana takan tsaya cak a tsakar ka har turke ya rasa inuwa, amma duk da haka ba a kwantar da faranti shimfiɗe, domin jinginar ce ke sa ruwan sama ya wanke shi ya gangara. Wasu kan rufi suke ɗorawa, amma a nan rufi shi ne rijiya, kowace huda da aka yi masa ƙofar tsatsa ce da yoyo. Shi ya sa da yawa suka gwammace su kafa dangwali a fili. To, fili kuma dutse ne. Ramin da a wata ƙasa mutum ɗaya zai haƙa kafin ya sha kunu, a nan sai an kawo injin fasa dutse, ko a huda dutsen a dasa ƙarfe a cika da siminti. Ko sandar tagullar nan da ake kafawa a ƙasa don ta janye wutar da ta ɓalle, shigar da ita cikin dutse aiki ne na yini.

Inuwa ita ce babbar abin tsoro. Ƙwayoyin da ke cikin faranti a jere suke kamar ayari a siririyar hanya, in ɗaya ya tsaya na bayansa sun tsaya. Ganyen ayaba guda da ya rufe kusurwa yana iya rage ƙarfin faranti fiye da yadda girman inuwar ya nuna. Ga shi kuma a Puna itace ba ya jiran kowa. Akwai wani mai suna albiziya, wanda aka shigo da shi Hawai cikin 1917, yana iya ƙara tsawon ƙafa 15 a shekara guda. Filin da aka auna bana aka ga rana tana dukansa tun hantsi, baɗi war haka yana iya zama ƙarƙashin rumfa. Saboda haka sassabe yana cikin aikin lantarki.

Daga farantai waya takan gangara zuwa wani ɗan ɗaki mai iska, inda sauran kayan suke. Da fari akwai akwatin daidaita caji, wanda ke tsakanin faranti da batir kamar mai awo a bakin rumbu: yana ƙara zuba in da wuri, yana tsayawa in an cika. Sai batura. Sai inbata, wadda ke juya wutar batir mai tafiya fuska ɗaya ta koma mai kai-da-komo, bolt 120, irin wadda kayan gidan Amurka ke ci. Dalilin da ya sa ake son jeren bolt 48 maimakon 12 yana da sauƙin ganewa. Kayan da ke cin wat 1,200, a bolt 12 amfiya 100 za su ja, a bolt 48 kuwa 25 kacal. Kuma da yake asarar da ake yi a waya tana bin ninkin amfiya a kanta ne, a waya iri ɗaya asarar ta ragu sau 16. Waya siririya a inda ake bukatar mai kauri ita ce mafarin gobara da yawa.

Akwai ƙa'idojin da mai gona zai maimaita wa baƙo har ya gaji da ji. Batir ake fara haɗawa da akwatin caji kafin faranti. Faranti ba shi da makunni, muddin haske na kansa wuta na cikinsa, don haka akan lulluɓe shi ko a buɗe mayankin wuta kafin a taɓa waya. Fis yana zama kusa da batir, ba can nesa ba. Zobe da agogo a cire su, hannun sifana a naɗe shi da tef, domin ƙarfen da ya faɗa tsakanin kawunan batir biyu yana iya narkewa nan take. Batir mai darma kuma yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, ba a shiga ɗakinsa da taba. A bisa doka, aikin wutar gida yana bukatar izinin hukumar gunduma da hannun ma'aikaci mai lasisi. Sanin kowa ne a Puna cewa akwai gine-gine masu yawa da ba su bi ta wannan ƙofa ba, kuma baƙon da aka miƙa wa waya ba tare da gwani a kansa ba, ya kamata ya san cewa kuskurensa zai zauna a bangon bayan shi ya koma gida.

In an gama, babu wani biki. Akan rufe mayanki ɗaya bayan ɗaya, a zuba wa mita ido. Lamba ta motsa, injin ruwa ya yi gurnani, shi ke nan, a koma gona.

Zama Da Mita

Kafawa yini biyu ne ko uku, kiwo kuwa ba ya ƙarewa. Danshi yana sa gansakuka ta hau gilashi. Iskar teku mai gishiri tana cin ƙarfe, haka ma hayaƙin farar wuta da Kilauea ke fitarwa, wanda kan gauraya da ruwan sama ya sa shi tsami. Tsaka da tururuwa suna son ɗumin akwatunan lantarki, su shiga su haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba. Wata 'yar mitsitsiyar tururuwa mai harbi kamar wuta, wadda aka fara gani a Puna cikin 1999, takan zubo daga kan itace ta shiga wuyan mai sassabe. Batura masu darma kuma a kai a kai sai an buɗe murafunsu an ƙara tataccen ruwa, a goge farin garin da ke taruwa a kawunansu. Wanda ya bar su sun kwana da yunwa sati bayan sati, na shekara shida sai su mutu a shekara biyu.

Abin da ya fi canza baƙo shi ne tsarin yini. A garinsu makunni ya sani, ya taɓa wuta ta zo, takardar kuɗi sai ƙarshen wata. A nan kuwa abu na farko da safe shi ne duba mita, a ga nawa dare ya ci. Wanki da niƙa da tura ruwa zuwa tankin da ke kan tudu duk da rana tsaka ake yin su, lokacin da batura suka ƙoshi kuma farantai ke ba da rarar da in ba a ci ba ta tafi a banza. Ruwan da aka tura sama da rana, da dare zai sauko da kansa, ashe shi ma tankin wani batir ne. Duk abin da ke juya lantarki zuwa zafi, kamar dutsen guga da butar lantarki da murhu, abokin gaba ne. Da iskar gas ake dafa abinci. Idan hadari ya kwana uku bai ɗaga ba, sai a fara rage fitilu, a daina buɗe firiza, in ta ƙi a tada janareta, ana jin ƙararsa ana lissafin kuɗin mai. Rigimar da ta fi yawa tsakanin masu gona da baƙinsu ba ta kasala ba ce, ta wanda ya bar abu a kunne ya kwanta ce.

Wannan takatsantsan yana da ranar da yake biya. Cikin watan Agusta na 2014 guguwar Iselle ta faɗa wa gabashin tsibirin, itatuwan albiziya masu gautsi suka zube a kan wayoyi da hanyoyi, dubban gidajen Puna suka rasa lantarki, wasu har makonni. Gonakin gwanda sun yi mummunar asara. Amma a gidajen da ke bayan turken ƙarshe, in dai itace bai faɗa wa farantai ba, washegari rana ta fito, caji ya ci gaba kamar kullum.

Wutar Da Ke Ƙarƙashi

Akwai kuma wata wutar da ba ta shiga lissafin takarda. Hawayawa na asali, a al'adarsu ta gargajiya, suna danganta ta ga Pele, kuma har yanzu sunan yana bakin mutane. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta kasa tsibirin kashi tara gwargwadon hatsarin malalar narkakken dutse, kuma wani babban yanki na Puna ya faɗa kashi na ɗaya da na biyu, inda inshorar gida ke da wuyar samu, bashin banki ma haka. Cikin 1960 wuta ta cinye ƙauyen Kapoho. Aman da ya fara a watan Janairu na 1983 bai tsaya ba sai bayan shekara 35, kuma cikin 1990 ya binne garin Kalapana. Cikin 2014, 'yan watanni bayan guguwa, malalar ta iso gefen Pahoa, ta rufe makabarta, ta ƙone gida ɗaya, ta tsaya.

Ran 3 ga Mayu, 2018, ƙasa ta tsage a tsakiyar unguwar Leilani, washegari aka yi girgizar ƙasa mai ƙarfin 6.9. Kafin abin ya lafa cikin Agusta, gidaje fiye da 700 sun tafi, an rufe fili mai murabba'in mil kusan 14, mashigin tekun Kapoho ya cike ya zama tudu. Tashar da ke samar da lantarki daga zafin ƙarƙashin ƙasa, wadda ke ba tsibirin kimanin rubu'in wutarsa, ta rufe, ba ta sake aiki ba sai Nuwamba 2020. Turaku suka ƙone, wayoyi suka narke. A irin wannan ƙasa mutum yakan yi tunani kafin ya binne dukiyarsa a abin da ba ya ɗaukuwa, kuma a nan faranti ya fi turke: noti huɗu ko shida ne ke riƙe da shi, in an ga alama ana iya kwance shi a ɗora a bayan mota tare da batura da akwatin takardu. Itacen koko da ya shekara biyar kafin ya yi 'ya'ya sosai kuwa, sai dai a bar shi a tsaye.

Wanda ya bi hanyar da ta fita daga Pahoa ta gangara kudu har ƙarshenta, zai iske inda Kalapana take a da. Baƙin dutse ne shimfiɗe har bakin teku, mai kaurin ƙafa da yawa, babu itace sai 'yan tsire-tsire a cikin tsagu. Dokar wurin ta ce sabuwar ƙasar da wuta ta ƙara a cikin teku ta jiha ce, amma fulotin da aka binne yana nan na mai shi. Saboda haka wasu sun komo da masu safiyo, an gano iyakokinsu a saman dutsen, sun kafa 'yan gidajen katako a kan ƙafafu. Babu turke ko ɗaya, babu famfo. Kowane gida da tankinsa a gefe, da farantansa suna fuskantar kudu, da 'yan kwakwa da aka dasa a ramukan da aka cika da ƙasar da aka ɗauko daga wani wuri.